Baƙo Mai Baƙin Gemu da Awartakinsa

Wataƙila ka taɓa zama a majami'a ranar Lahadi aka kira waɗansu 'yan'uwa gaban taro, likita ɗaya ko biyu, da masu jinya, da mai aikin haƙori, dattawa suka ɗora musu hannu aka yi addu'a, domin za su ƙetare iyaka su yi mako biyu suna duba marasa lafiya kyauta a wata ƙasa. Wataƙila ma kai ne kake riƙe da wannan nufi a zuci, kana jira hutunka ya zo. Irin wannan tafiya ta gajeren lokaci 'yar zamanin jirgin sama ce, amma tana da kakanni, kuma ya kamata mai shirin tafiya ya san ko ɗaya daga cikinsu. Wanda zan ba ka labarinsa bai taɓa taka ƙasarmu ba. Sunansa George Leslie Mackay, mutumin Kanada, wanda ya yi shekara kusan talatin a tsibirin Fomosa, wato Taiwan ta yau, ya kuma cire haƙora fiye da 21,000 da hannunsa, alhali kuwa ba likita ba ne.

An haife shi a shekara ta 1844 a Zorra, wata karkarar manoma a gundumar Oxford ta lardin Ontario. Iyayensa 'yan ƙaura ne daga tsaunukan Sikotlan. Ya koyar a makaranta tun yana saurayi, ya yi karatun tauhidi a Toronto da Princeton, ya ƙara a Edinburgh, sa'an nan Ikkilisiyar Firesbiteriyan ta Kanada ta aike shi. Ya sauka a kudancin tsibirin a ƙarshen 1871. A lokacin Fomosa tana ƙarƙashin sarkin Sin, kuma akwai masu bishara daga Ingila da suka riga shi a kudu. Saboda haka ya nufi arewa, inda ba wanda ya kafa aiki tukuna, ya shiga bakin kogin Tamsui ranar 9 ga Maris, 1872.

Kafin mu bi shi, ka lura da abin da ya sami wanda ya riga shi. Dokta James Maxwell, cikakken likita, ya buɗe ɗakin magani a babban birnin kudu, Tainan, a 1865. Bai yi wata guda ba sai jita-jita ta cika gari cewa baƙon yana ƙwaƙule idanu da zukatan mutane yana haɗa magani da su. Taro ya taso masa, dole ya bar birnin ya koma bakin teku. Kada ka yi saurin cewa jahilci ne kawai. Mutanen nan sun ga Turawa sun yaƙi ƙasar Sin har sau biyu a kan cinikin ofiyam, sun tilasta a buɗe musu tashoshin jiragen ruwa, Tamsui ma tana cikinsu. To, ga wani Bature ya zo da wuƙaƙe da kwalabe yana cewa ba ya son ko anini. Wane mai hankali ne ba zai tambayi abin da yake nema ba? Duk wanda ya kai kyauta inda ba a san shi ba, wannan tambaya tana jiransa a ƙofar gari, ko an furta ta ko ba a furta ba.

Mackay ya kama hayar wani gida mai laima wanda aka gina domin dawakin sojoji, ya share shi, ya shafa masa farar ƙasa. Abin da ya fara sa wa gaba shi ne harshe. Da ya ga maganar littattafai ba ita ce ta bakin talakawa ba, sai ya riƙa fita makiyaya inda yara suke kiwon ɓaunar noma. Da farko gudu suke yi suna kiransa baƙon aljani. Agogon aljihunsa ne ya jawo su. Suka matso su ji motsinsa, suka taɓa maɓallan rigarsa, shi kuwa yana rubuta kowace kalma da ta fito daga bakinsu. Cikin wata biyar ya yi wa'azinsa na fari da harshen mutanen. A wannan shekara ne wani saurayi mai ilimi, Giam Chheng-hoa, wanda aka fi sani da A Hoa, ya zo da tambayoyi, ya koma ya kawo malamai su yi muhawara da baƙon, daga baya ya ba da gaskiya. A watan Fabrairu na 1873 aka yi wa mutum biyar baftisma, A Hoa yana cikinsu. Ka riƙe sunan nan, gama za mu sāke saduwa da shi a ranar wahala.

Zancen haƙora kuwa ba shiri aka yi masa ba. A 1873 Mackay da ɗalibansa suna fita daga garin Tek-chham, wanda ake kira Hsinchu yanzu, sai hukuma ta sa sojoji kamar goma sha biyu su bi su, su ga abin da suke ƙullawa. Ɗaya daga cikin sojojin yana fama da ruɓaɓɓen haƙori, ya kuwa tabbata tsutsa ce a ciki take cinsa, kamar yadda mutanen wurin suka gaskata. Mackay ba shi da wani kayan aiki. Ya duba bakin, ya nemi guntun itace mai tauri, ya fiƙe shi, ya sa ya ɓamɓare haƙorin. Sojan ya yi hawaye don murna. Bayan shekaru, in ji Mackay a littafinsa mai suna From Far Formosa, waɗansu sojoji suna zaginsa a hanya, sai wani hafsa ya fito ya tsawata musu, ya ce wannan ne malamin da ya raba shi da ciwon haƙori.

Wanda bai taɓa kwana da ciwon haƙori ba ba zai gane hawayen sojan nan ba. Ni na taɓa, kuma na tuna cewa a daren nan ban iya haɗa addu'a mai jimla biyu ba. Ciwo ne da ba ya kwantar da mutum a gado har a zo gaishe shi, amma yana hana shi ci da barci da tunani. A Fomosa ta wancan zamani, mai wannan ciwo sai dai a ɗaura wa haƙorin zare mai ƙarfi a fizge, ko a sa bakin almakashi a ɓantare, ko ya faɗa hannun masu yawon magani da awartakinsu, waɗanda a wasu lokuta sukan karya muƙamuƙi ko su bar mutum yana zubar da jini. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga wani ɗan itace da mutane suke taunawa dare da rana kamar yadda muke cin goro, wanda Mackay ya lissafa cikin abubuwan da suke lalata musu baki. Buƙata tana ko'ina, ba wanda ya tsaya mata.

Ya je wurin wani maƙeri na gari ya kwatanta masa irin awartakin da yake so, aka ƙera masa. Daga baya ya sami kayan aiki na ƙwarai daga New York. Ga yadda suke yi sa'ad da suka shiga gari. Sukan tsaya a fili, sau da yawa a kan matakalar dutse ta haikalin gumaka, domin nan ne dandalin jama'a. Su raira waƙa ɗaya ko biyu. Sa'an nan masu ciwo su yi layi, a tsaye, ba kujera, ba allurar kashe zafi, Mackay da ɗalibansa su bi su ɗaya ɗaya. Yakan cire ɗari cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Bayan an gama, jini ya tsaya, sai a yi wa'azi. Ɗaliban nasa ma, bisa ga lissafinsa, sun cire kusan rabin abin da shi ya cire.

Akwai wani ƙaramin abu a cikin wannan tsari wanda ya fi adadin nan kama mini zuciya. Duk haƙorin da aka cire, a tafin hannun mai shi ake sa shi. Mackay ya san abin da ya sami Maxwell. Ya san idan aka ga baƙo yana tara sassan jikin mutane a jaka, kafin faɗuwar rana labari ya zama wani abu dabam. Saboda haka kowa yakan koma gida da haƙorinsa, ya nuna wa matarsa da maƙwabta, su ga ramin da yake ciki, su ga babu tsutsa, su ga kuma baƙon bai rage kome ba. Ina so ka yi tunani a kan wannan, kai da za ka tafi da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. A zamaninmu ba haƙori ake kwashewa ba, fuskar mara lafiya ce, da ƙurjinsa, da tsiraicin talaucinsa, a kawo gida a nuna wa ikkilisiya a bango domin baiko ya ƙaru. Sau nawa aka tambaye shi ko ya yarda? Mutumin da ya buɗe maka bakinsa ya ba ka amana ne, kuma bai san inda za ka kai abin da ka ɗauka ba.

Wata tambaya da ɗalibai sukan yi a makarantar tauhidi ita ce: ashe wannan ba abincin da ake sa wa ƙugiya ba ne, a jawo mutum da magani a kama shi da wa'azi? Tambayar tana da nauyi, kuma ba zan ce ba a taɓa yin haka da sunan Almasihu ba. Mackay kansa bai ɓoye ba cewa awartaki ya buɗe masa ƙofofin da suke kulle, ya kuma rage ƙiyayya fiye da kowane abu da ya gwada. Amma ka duba yadda aka jera abin. Cirewa ce take zuwa kafin wa'azi, wanda ya ga dama ya kama hanyarsa da haƙorinsa a hannu, ba a tambaye shi abin da ya gaskata ba. Yawancin waɗanda suka tsaya a layin nan ba su taɓa shiga ruwan baftisma ba, ba a kuwa fasa zuwa garuruwansu ba. A Luka sura 17 Ubangijinmu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya komo ya yi godiya. Ya yi tambaya a kan taran, amma bai mayar musu da kuturtarsu ba. Wannan ne ma'aunin da na sani.

Yanzu bari in kawo maka mutumin da ya fi kama da kai a cikin labarin, idan kai mai sana'a ne da za ka ba da 'yan kwanakinka. A Tamsui akwai fatake Turawa masu sayen ganyen shayi da kafur, suna kuma da likitan da suke biya ya duba su. Sunansa Dokta Ringer, mutumin Ingila. Ba mishan ce ta aiko shi ba. Amma tun daga farkon aikin har zuwa 1880 yakan zo ɗakin maganin Mackay ya duba talakawa, ya yi fiɗa, ba a biyansa kome. Abin da Mackay ya sani na aikin likita kaɗan ne, ɗan abin da ya tsinta yana ɗalibi, da kwinin da yake narkarwa a ruwa yana ba masu zazzaɓi. Abin da ya wuce wannan, hannun Ringer ne. A 1879, yana binciken gawar wani mutumin Fotugal, Ringer ya ga wata irin tsutsa a cikin huhu. Ya aika da ita wurin Dokta Patrick Manson a Amoy, masana suka sa mata sunan Ringer, daga nan aka fara gane dalilin wani tari mai jini da ya daɗe yana damun mutanen gabashin Asiya. Bayan tafiyarsa, likitocin fatake da suka gaje shi suka ci gaba da wannan taimako.

Ka ga yadda mai sa kai ya yi amfani a nan. Bai zo da nasa tsari ba, bai kafa nasa tanti a gefe ba. Ya shiga ɗakin da wani ya riga ya buɗe, inda akwai masu jin harshen mara lafiya, akwai kuma wanda zai duba raunin bayan kwana uku ya ga ko ya ruɓe. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana da amfani ƙwarai a inda shuka take. Kafin ka sayi tikiti, tambayi masu shirya tafiyar wane asibiti ko wace ikkilisiya ce ta gayyace ku, wa zai cire zaren ɗinkin da za ku bari, ina mai hawan jini zai sami magani sa'ad da na wata ɗaya da kuka ba shi ya ƙare. Kuma kada labarin guntun itacen nan ya ruɗe ka. Mackay ya yi abin da ya yi ne a inda babu wani hannu sai nasa. Yau kowace ƙasa tana da hukumar da take ba likitoci lasisi, tana da nata likitocin haƙori, ko da ba su isa ba. Abin da doka ba ta yarda ka yi wa ɗan ƙasarka ba, ƙaunar Almasihu ba ta ba ka izini ka gwada shi a bakin talakan wata ƙasa ba.

Mishan ta aiko da cikakken likita sau ɗaya a zamanin Mackay, Dokta Fraser, a 1875. Matarsa ta rasu a 1877, ya kwashi 'ya'yansa ya koma Kanada. A wannan shekara ce kuma aka rushe ɗakin sujadar da Mackay ya buɗe a Bang-kah, birnin da ya fi kowane ƙin baƙi a arewa, aka tone har harsashinsa. Ya koma ya sāke ginawa, yana yawo a titunan birnin da awartaki a hannu. A 1893, da zai tafi hutu Kanada, manyan wannan birni ne suka ɗauke shi a kujerar girma da makaɗa a gaba suka raka shi. Shekara goma sha shida ke tsakanin rushewar da rakiyar.

A tsakanin nan ya auri 'yar ƙasar, Tiu Chhang-mia, a 1878, abin da bai yi wa Turawa da yawa daɗi ba. A 1880 asibiti ya tsaya a Tamsui da kyautar dala 3,000 daga wata gwauruwa ta Detroit, domin tunawa da mijinta, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa wanda shi ma Mackay ne sunansa, ko da yake ba dangi ba ne. A 1882 ya buɗe makarantar horar da masu wa'azi da kuɗin da mutanen gundumarsu suka tara, ya sa mata suna Oxford, a 1884 kuma ta 'yan mata. Ɗalibansa suna koyon Littafi Mai Tsarki, da labarin ƙasa, da ginin jikin mutum, da yadda ake riƙe awartaki, yawancin karatun kuwa a kan hanya ake yinsa, a gindin itace ko a bakin teku.

Ranar gwaji ta zo a 1884, sa'ad da yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Sin. Jiragen Faransa suka yi wa Tamsui ruwan wuta a watan Oktoba. Asibitin mishan ya cika da sojojin Sin masu rauni. A ƙauyuka kuwa taro ya huce fushinsa a kan masu bi, da yake ana ganinsu 'yan addinin baƙi ne: aka rushe majami'u bakwai, aka washe gidaje, aka kashe waɗansu. Mackay yana fama da zazzaɓi mai tsanani, ya ƙetara Hong Kong inda iyalinsa suke, sai Faransawa suka datse hanyar ruwa, ya kasa komowa har watanni. A Hoa da 'yan'uwansa ne suka riƙe garken. Da ya dawo a 1885, aka naɗa A Hoa da Tan He fastoci, su ne na fari daga 'yan ƙasa a arewacin tsibirin. Mai mulkin tsibirin, Liu Ming-chuan, ya biya diyyar dala 10,000, aka sāke gina majami'u da dutse.

Akwai wani abin kunya da ya same shi a gida, wanda ban so in tsallake ba. Tun 1885 Kanada ta sa harajin dala 50 a kan kowane mutumin Sin da zai shiga ƙasar. Da Mackay ya sauka a 1893 tare da iyalinsa da ɗalibinsa Koa Kau, ya ci karo da wannan haraji a bakin tasha. Ƙasar da take tara baiko domin ceton rayukan mutanen Sin ita ce take sa wa jikinsu kuɗin shiga. Bai yi shiru ba, ya yi ta sukar dokar a fili, har a shekarar 1894 da aka zaɓe shi shugaban babban taron ikkilisiyarsa. Yana da sauƙi mutum ya ƙaunaci wata kabila muddin tana can nesa. Ban sani ba ko dukanmu da muke addu'a domin masu tafiya za mu yarda ɗaya daga cikin waɗanda suka je dubawa ya kama hayar ɗaki a gidanmu.

Ba waliyyi marar aibi nake zana maka ba. Mutum ne mai zafin rai, mai son a bi tasa, abokan aiki daga Kanada sun sha wuyar zama da shi. Ya nace cewa 'yan ƙasa ne za su yi aikin, ba ƙarin Turawa ba, kuma a wajen wa'azi tarihi ya goyi bayansa: majami'u 60 ya bari, kowace da mai wa'azinta ɗan ƙasa, suka kuma tsaya bayan Jafan ta karɓi tsibirin a 1895. Amma a wajen asibiti bai bar magaji ba. Ya koya wa ɗalibai cire haƙori da raba kwinin, bai samar da likita ko ɗaya da zai riƙe gidan ba, aikin fiɗa kuwa ya rataya ne a kan alherin likitocin fatake masu zuwa su tafi. Ciwon daji na maƙogwaro ya ɗauke masa murya, ya rasu ranar 2 ga Yuni, 1901, yana da shekara 57. Aka rufe asibitin. Ya zauna a kulle shekara biyar, zazzaɓi da ciwon haƙori kuwa ba su tafi hutu ba, har Dokta Ferguson ya zo daga Kanada ya sāke buɗe shi a 1906.

A 1912 aka mai da asibitin birnin Taipei aka sa masa sunan tunawa da Mackay, yana kuwa cikin manyan asibitocin Taiwan har yau, likitocinsa 'yan ƙasa ne. Tsohon ɗakin maganin yana nan tsaye a Tamsui, kusa da majami'a. Kabarinsa ma yana garin, a bayan makarantar da ɗansa ya kafa. Akwai katanga tsakaninsa da makabartar Turawa, yana kwance a ɗaya gefen tare da matarsa da waɗansu daga cikin ɗalibansa.